Yadda Sawudatu ta mayar da kakanta shafin baya

In gaskiyar Sawudatu 'yar Alhaji Mahamudu kake nema, ka zo inda ya dace. Shekara ashirin da biyu ina dama koko a daidai ƙofar gidansu a Tishigu cikin Tamale, duk abin da zai shiga gidan nan sai ya bi ta gaban tukunyata, wanda zai fita ma haka. Ana cewa wai ina ƙara gishiri a zance. To wa ya taɓa shan miya lami ya yi godiya?

Sawudatu dai 'yar mitsitsiya ce, in ta tsaya kusa da taɓarya sai ka yi shawara kafin ka faɗi wadda ta fi tsawo. Amma in ta taho da safe a kan babur ɗinta daga Gumbihini, inda take aure, gyale na kaɗawa a baya, direbobin yelo-yelo, keken hayar nan mai ƙafa uku, da kansu suke kauce mata. Mijinta malamin makaranta ne, bawan Allah, ban taɓa jin muryarsa ta fi ta sauro ba. Ita ke riƙe da zauren ɗinkin ubanta tun da Allah ya yi masa rasuwa shekara shida da suka wuce.

Batakari ake ɗinkawa a zauren, rigar saƙin nan mai faɗi da wasu ke ce wa fugu, wadda in mai rawa ya juya a cikinta sai ta buɗe kamar laima. Alhaji ya haifi maza biyar, duk cikinsu babu wanda zai iya zura zare a allura ko da an ba shi fitila da tabarau. Ita kuwa a ƙarƙashin teburin yanka ta yi rarrafe. Tana 'yar shekara tara take bambanta saƙin Daboya da na Yandi ido rufe, da ɗan yatsa kawai. Amma ɗaga kai ka karanta allon da ke saman ƙofa. Da Turanci aka rubuta, wai Alhaji Mahamudu Ɗan Katsina da 'Ya'yansa Maza. Shi ke nan. Ko kalmar riga babu a jiki, don a gidan nan an yi imani cewa babu mahaluƙin da bai san su ba.

Wannan imani kuwa gado ne. Kakansu daga Katsina ya taho da jakunan kanwa zai wuce neman goro, ya yada zango a Tamale, bai ƙara gaba ba. Ya zama mai masauki, fatake na sauka a zaurensa, shi ke haɗa mai saye da mai sayarwa. Jakunan nan kuwa suna haihuwa har yau. Lokacin da na fara sana'a a nan goma sha biyu ne. A bakin Abdul-Ganiyu, babban wan Sawudatu kuma mai gidan yanzu, sun kai saba'in, kuma na tabbata in ya yi tsawon rai sai sun cika ɗari.

Maɗinka uku suka rage a zauren, babbansu Mba Andani, dattijon Dagwamba da ya shigo gidan tun yana koyon riƙe almakashi. In ya gaishe ka da safe, da Dagbanci, daga dasiba zuwa naa, naa, naa, kafin ya gama kokonka ya huce. Amma in ya yi wa batakari aikin wuya, sai ka ji kunyar saka ta da jiki mai gumi.

Kasuwa ce ta juya masu baya. Yadin inji mai kwaikwayon saƙi ya cika gari, matasa kuma komai a waya suke nema, har matar aure. Sai a wuni Mba Andani na korar ƙuda. Bayan Babbar Sallah da kwana uku Abdul-Ganiyu ya tara 'yan gida ya yanke hukunci: nan da bikin Damba na watan Mauludi, wata uku ke nan, in zauren bai sami aikin da zai riƙe maɗinka ukun nan ba, za a kwashe kekunan ɗinki a mayar da wurin shagon kaji da kifin ƙanƙara. Ba barazana ba ce, don har ya sayo firiza. Ni na ga shigarta, ƙarti shida suka ɗauke ta, girmanta ya isa a yi wa mutum biyu ɗaki da falo.

Sawudatu ba ta yi kuka ba, ba ta yi rantsuwa ba. Ta ce a ba ta dama ta buɗe wa zauren shafi a intanet. Abdul-Ganiyu ya yarda, da sharaɗin ƙanin matarsa ne zai yi aikin, wato Naeem, wanda muke kira Injiniya. Naeem gemunsa ya kai ƙirji, jakar laftof ba ta barin kafaɗarsa ko a wurin jana'iza. Ba mugu ba ne, kuma ya iya latse-latse. Matsalarsa ɗaya: ɗan gida ne, da idon ɗan gida yake kallon komai.

Sati biyu ya gama. Ranar buɗewa har wainar masa aka raba, aka yi addu'a. Na leƙa na gani da idona. Kana shiga, sai sallama ta tare ka da manyan baƙaƙe, sai barka da zuwa da Hausa da Dagbanci da Turanci. Sai kiɗan gangar lunga ya tashi da kansa, ko a masallaci kake. Sai hoton Alhaji a Makka, haƙorin zinariya na walƙiya, hoton da nauyinsa sai ka yi alwala ka dawo bai gama buɗewa ba. Sai tarihin kaka da jakuna saba'in, sai sunayen maza biyar da na matansu. In ka yi haƙuri ka gangara har ƙasa, can za ka tarar da wani hoton takarda, a cikinsa aka rubuta irin rigunan da ake ɗinkawa. Adireshi kuwa ga shi: Tishigu, gidan marigayi Alhaji, daura da babban dogon yaro. Dogon yaron nan an sare shi tun ina goyon autata, ita kuma yanzu da nata goyon.

Kowa ya yaba. Abdul-Ganiyu har da share hawaye. Aka zauna jiran kwastoma, wayar zaure kuwa ta yi shiru kamar an aiko ta zaman makoki.

Ana nan wata Talata wata mata 'yar Kumasi ta tsaya a wurina, ta sha koko da ƙosai tana ta latsa waya, ta juya wa zauren baya. Sai da ta tare yelo-yelo ta ce a kai ta Sagnarigu na tambaye ta, da ɗan yarensu na Tuwi da nake ji wanda bai taka kara ya karya ba, me take nema. Ta ce batakari talatin, ƙaninta zai auri 'yar Dagwamba, abokan ango duk iri ɗaya za su saka. Na ce baiwar Allah, juya, ga gidan batakari a bayanki. Ta juya, ta kalli allon, ta kalli labulen ƙofa, ta ce ita ba ta ga alamar riga ba, kuma wayarta ta riga ta nuna mata wani shago, har sun yi magana. Na bi ƙurar yelo-yelon nan da ido, ludayi a hannu, riga talatin na tafiya Sagnarigu.

Da na gaya wa Sawudatu, ta sa aka kira Injiniya. Ya zo da fara'arsa, ya buɗe laftof, ya rubuta wa Gugul cikakken sunan Alhaji Mahamudu Ɗan Katsina da 'Ya'yansa Maza, harafi bai ɓace ba. Sai ga shafin a sama. Ya juyo da fuskar laftof ɗin yana murmushi irin na wanda ya ci jarrabawa. Wata nas ce ke zaune a bencina, baƙuwa da aka turo aiki daga kudu. Sawudatu ta roƙe ta aron waya, ta ce ta rubuta abin da za ta rubuta in riga take nema a garin nan. Nas ta rubuta. Suka yi ta gangarawa, shafi ɗaya, biyu, biyar, har babban yatsan nas ya nemi hutu. Ga shagon Sagnarigu, ga na Bolga, ga wani ma a Amurka. Gidan Alhaji Mahamudu ko ƙyallinsa.

"Injiniya," in ji ta, "wanda ya san sunan Baba ai ya san hanyar gidan. Wanda bai sani ba muke nema."

Naeem ya ce a ba shi kwana uku. To a nan ne aka yi gyaran gangar auzinawa. Da farko ya rubuta batakari Tamale, batakari mai araha, batakari mafi kyau, sau ɗari biyu a ƙasan shafi, da farin rubutu a kan farin wuri, wai mutum ba zai gani ba amma Gugul zai gani. Sannan ya je shafin shagon Sagnarigu ya kwafo bayanin rigunansu ɗungurungum ya liƙa a nasu, tunda wai abin da ya kai su sama ke nan. Sannan ya tura saƙo a zauren dangi na waya, kowa ya shiga ya ba shagon tauraro biyar ya rubuta yabo.

Dangi kuwa suka amsa kira. Ranar Juma'a ɗaya, bayan an sauko, mutum arba'in suka rubuta. Na sa an karanta mini, na yi dariya har da riƙe ciki. Allah ya jiƙan Alhaji. Allah ya kai haske kabarinsa. Mutumin kirki ne, shi ya biya mini sadaki. Wata gwaggo a Zangon Kumasi ta rubuta tana tambayar ko Jalila ta haihu. Mutum arba'in, babu wanda ya ambaci riga, ta'aziyya suka zo yi shekara huɗu bayan rasuwa. Kafin sati ya zagayo yawancin rubutun ya ɓace, wai na'urar ta ga abin ya yi kama da haɗin baki. Ni dai ban ga laifinta ba.

Ba a gama da wannan ba sai ga Fataw, mai shagon Sagnarigu, a kan babur da ƙullin goro. Ya durƙusa ya gaida Mba Andani yadda ya kamata, ya sayi koko ya raba wa duk wanda ke wurin, sannan ya ce godiya ya zo yi. Ashe da Injiniya ya kwafo bayanin, har da lambar wayar Fataw ya haɗo a tsakiya bai lura ba. Dangi sun yi ta yaɗa shafin ga abokansu, mutum biyu sun so riga, suka kira lambar da suka gani. Fataw ya ce Allah ya bar zumunci, in da wani shafin za su buɗe a sanar da shi.

Ran nan Sawudatu ta karɓi mabuɗin shafin daga hannun Naeem. Ba da faɗa ba. Ta ce masa ya yi ƙoƙari, kuma za ta riƙa kiransa in hannu ya maƙale, amma baki nata ne. Saura wata biyu da 'yan kwanaki.

Abin da ta yi daga nan shi ya sa nake ba da labarinta. Ba ta je wurin wani gwani ba, bencina ta mayar makaranta. Kullum da sassafe sai ta ajiye babur ta zauna, duk baƙon da ya zo shan koko, ɗan bautar ƙasa ne, direban babbar mota ne, ma'aikacin banki ne, sai ta gaishe shi ta tambaye shi: in rigar nan kake so, me za ka rubuta a wayarka? Me kake so ka sani kafin ka saya? Wani ya ce fugu, wani batakari, wani sumok. Wani ya ce shi tsoronsa a sayar masa da yadin inji a ce saƙin hannu ne. Wata ta ce ita ba ta san yadda ake auna miji in ba ya nan ba. Wani ya ce yana so ya ji ko shuni zai zuba a wanki. Ta yi ta tarawa a ka. Da rana kuma, tsakanin yanka da ɗinki, tana kallon bidiyon masu bayani a waya, tana tsaki in sun cika surutu.

Wata rana ta ce mini ta gane mutumin. Na ce wa? Ta ce Gugul.

"Mma Ashetu, dillali ne, irin Kaka. Sai dai shi baƙo ne, bai san gidan kowa ba, bai san wa ya haifi wa ba. Rubutu yake bi, in kin ɓoye magana a cikin hoto kin wahalar da shi. In kin maimaita masa abu sau ɗari biyu ya ɗauke ki mahaukaciya ko maƙaryaciya. In kin kawo masa zancen da ya riga ya ji a bakin wani, wancan zai tura wa baƙo. Kuma mutanen da yake kawowa ba sa jiran a gama gaisuwa."

Na ce to wannan ai ba shi da tarbiyya. Ta ce ba aurensa za ta yi ba.

Ta share farin rubutun Injiniya, ta share kayan Fataw, ta kashe kiɗan lunga. A layin farko ta rubuta abin da shekara saba'in ba a taɓa rubutawa a gidan nan ba: ana ɗinka batakari, wato fugu, na saƙin hannu, a Tishigu cikin Tamale. Kowace irin riga ta ba ta shafinta, mai hannu da marar hannu, ta maza da ta mata da ta yara, ta ango da ta rawa. Ta ɗauki hotuna da kanta a hasken safe, Mba Andani na riƙe da rigar yana ɓata rai don wai ba a ɗauke shi aikin tsayuwa ba. Ta sa Naeem ya rage wa hotunan nauyi, ƙarƙashin kowanne ta rubuta ko mene ne. Ta rubuta yadda ake gane saƙin hannu a bayan ƙyalle, yadda ake awo da igiya in babu tef, yadda ake wanke mai shuni, duk da bakinta, yadda take yi wa kwastoma bayani a zaure. Lambar waya ɗaya, suna ɗaya, a ko'ina. Ta tsaya a bakin ƙofa da waya ta dasa alamar shagon a taswira, marigayi dogon yaro ya huta. Ta rubuta lokacin buɗewa da na rufewa, har da cewa ranar Juma'a a dakata sai an sauko. Ta kira mai fenti ya ƙara kalmar batakari a allon ƙofa. Tsofaffin kwastomomi kuma, waɗanda suka saka rigar da gaske, ta riƙa bin su ɗaya-ɗaya tana roƙon su rubuta abin da suka gani, ko da ƙorafi ne.

Ni ma an ba ni muƙami. Wayata tsohuwa ce, fuskarta a fashe kamar ƙasar fadama da rani, kuma a lungun da nake zama sabis sai an yi masa addu'a. Sawudatu ta ce da ita za a riƙa gwaji. Sai in latsa shafin in ɗauki ludayi. In na cika kofi ɗaya bai buɗe ba, a koma a rage kaya. Sau shida ana komawa. Injiniya ya tsane ni a makon nan.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne mai zafin. Hoton Makka da tarihin jakuna. Ta ɗauke su daga gaba ta kai su wani shafi na can baya mai suna tarihinmu. Labari ya isa kunnen Abdul-Ganiyu kafin la'asar, kuma ban san wa ya kai ba, kada a kalle ni. Ya shigo zauren babbar rigarsa na jan ƙasa. Ni kuma sai ga shi na tuna Mba Andani bai dawo mini da kofi ba, na shiga ciki.

"Yanzu ke, Sawudatu, ubanmu da kakanmu za ki tura bayan gida, ki sa tsumma a gaba?"

Ta ajiye almakashi, ta ba shi kujera, ta tsaya har ya zauna.

"Yaya, in fatake sun sauka a zauren nan zamanin Kaka, me ake fara yi masu?"

Ya ce ruwa ake ba su, wannan ai ko yaro ya sani.

"Daga nan fa?"

Ya ce sai a tambaye su abin da suka kawo da abin da suke nema.

"To yaushe Kaka yake ba su labarin jakuna?"

Mba Andani ne ya amsa, bai ko ɗaga kai daga wuyan rigar da yake yi wa aiki ba.

"Sai rana ta uku, bayan an gama ciniki an ci tuwo. Ni na tarar da tsohon da ransa, ni nake kai wa baƙi ruwan. Kuma jakunan huɗu ne, ɗaya ma gurgu."

Na fito da sauri don kada dariya ta kashe ni a gidan mutane. Abdul-Ganiyu ya fito bayana fuska a murtuke, abin da kawai ya ce shi ne ta yi yadda ta ga dama, amma Damba tana nan inda take.

Sai jira. Wannan shi ne wurin da mai ƙaramar zuciya zai zube. Aka yi bikin wuta na Bugum, shiru. Sati biyu, uku, huɗu, shafin ya ɗan motso daga inda ba a ganinsa zuwa shafi na uku, ya tsaya nan kamar jakin Kaka gurgun. Abdul-Ganiyu ya kawo kafinta ya auna zauren a gaban maɗinka. Mba Andani ya fara kwashe 'yan komatsansa ɗaya-ɗaya yana kai wa gida, yau tabarma, gobe buta, yana yi kamar ba kowa ya gani. Naeem ya zo da labarin wani mutum a intanet da ya yi alkawarin kai su sama cikin kwana uku. Sawudatu ta ce wanda ya ce zai nunar maka da gero a kwana uku, zangarniyar wani zai sato. Ta ci gaba da abin da take yi, kowane mako ta ƙara riga ɗaya da bayaninta, ta amsa tambaya ɗaya da ta ji a bencina. Na ga ta rame, gyalenta ya yi mata yawa, amma ko sau ɗaya babur ɗin bai makara ba.

Saura kwana ashirin da uku Damba, da hantsi, wani mutum ya tsaya da mota yana kallon waya yana kallon allo. Ya yi sallama ya shiga. Sunansa Wumpini, shugaban wata ƙungiyar malaman makaranta, suna son batakari goma sha takwas iri ɗaya don bikin. Ya ce abin da ya kawo shi bayanin nan ne na yadda ake gane saƙin hannu, don bara an cuce su. Ya juya rigar da ke rataye ya duba bayanta, daidai yadda ya karanta, ya gyaɗa kai.

Allah ya sa Abdul-Ganiyu na wurin, ya zo da kafinta karo na biyu. Ya tambayi mutumin daga wane gari yake. Wumpini ya ce haifaffen Tamale ne, shekara arba'in da ɗaya, a Gumbihini yake zaune. Da aka bi lissafi, gida huɗu ne tsakaninsa da gidan auren Sawudatu, kuma kullum ta wannan titin yake wucewa aiki.

"To ai ka san Alhaji Mahamudu," in ji Abdul-Ganiyu.

"Wanne daga ciki?"

Na sha ganin mutum ya ji kunya, amma ban taɓa ganin hula ta yi wa mai ita nauyi irin na ran nan ba. Ya sallami kafinta a hankali, wai ya tuna yana da wani uzuri.

Riga goma sha takwas a kwana ashirin da uku ba wasa ba ne. Mba Andani ya dawo da tabarmarsa da butarsa. Ana cikin wannan wata mata ta kira daga Takoradi tana son shida, ta ce ta auna mijinta da igiyar shanya yadda aka koya mata. Sai wani ɗan Zango da ke Jamus ya aiko a ɗinka wa 'ya'yansa uku. Ba zan ce maka duniya ta taso ba, ko da yake na gaya wa wasu haka. Amma kekunan nan uku ba su huta ba har Damba ta zo ta wuce, kuma yau shekara biyu ke nan ba su huta ba. Fataw yana nan da kasuwarsa, wani lokaci shi ne a sama, wani lokaci ita, suna gaisawa a wurin masu saƙa kamar ba komai.

Firiza kuwa tana tsakar gida ƙarƙashin rumfa. Kaza ko ɗaya ba ta taɓa kwana a ciki ba. Na yi wa matar Abdul-Ganiyu magana, yanzu sobolo na, wato zoɓo, da lamurje suke sanyi a ciki, don haka ni ba ni da ƙorafi a kan kowa.

Injiniya ya buɗe ɗan ofis, yana yi wa masu shaguna shafi, kuma in ka ji yana yi masu huɗuba a kan kada su fara da tarihin kakansu, sai ka rantse a kansa aka saukar da ilimin. Abdul-Ganiyu shi ma yana gaya wa mutane a majalisa cewa da gangan ya sayi firizar don ya zaburar da ƙanwarsa. Sawudatu in an kawo mata zancen sai ta ce haka ne, Yaya ai mai hangen nesa ne, ta ci gaba da yanka.

Abu ɗaya ne har yau ba su daidaita ba. Wumpini, da ya zo karɓar rigunansa, ya ce ya karanta shafin baya, labarin tsohon ya burge shi, musamman jakin nan gurgu. A nan Abdul-Ganiyu ya gano cewa huɗu ta rubuta. Ya roƙa a mayar da su ko da ashirin ne, don mutuncin gida. Ta ce Mba Andani ne shaida, a je a shawo kansa. Yau kusan shekara biyu ke nan ana kai wa dattijon goro kowace Juma'a, yana karɓa, yana godiya, yana naa, naa. Jiya da na tambaye shi inda aka kwana, ya ce in goron ya ci gaba da zuwa fari, yana jin zai iya tuno na biyar.